PhysX, Havok, Jolt, Chaos ko Bullet: wane injin fiziks za ka ɗora gem ɗinka a kai?

Wani ƙanena da ya fara koyon haɗa gem ne ya jawo wannan rubutun. Yana so ya yi gem na a-daidaita-sahu, a loda mata buhuna, in direba ya sha kwana da gudu ta kife kayan su watse a titi kamar yadda muke gani da idonmu, sai ya zo min da tambaya wai yaya wane injin fiziks ne ya fi kama da gaske, an ce masa Havok ne, wani kuma ya ce PhysX, a YouTube kuma kowa Jolt yake kira yanzu. Na ce masa zauna tukuna, tambayar taka ce ma ba ta zauna daidai ba.

Da farko a raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Unity, Unreal da Godot injinan gem ne, wato gidan gaba ɗaya, hoto da sauti da komai. Injin fiziks kuwa ɓangare ɗaya ne a ciki, shi ne mai lissafin me ya bugi me, da wane ƙarfi, ina zai faɗa, zai mirgina ne ko zai tsaya. Kuma yawanci ba kai ke zaɓarsa shi kaɗai ba, yana zuwa ne a manne da injin gem ɗin da ka buɗe. To zaɓin na gaskiya biyu ne a haɗe, shi ya sa a ƙasa kowane ɗaya zan faɗi gidan da ake samunsa.

Abubuwan da zan auna su da shi

Kuɗi da lasisi. Wannan a fili yake, nawa za ka biya, kuma in gem ɗin ya yi kasuwa wa zai zo karɓar kasonsa.

Ɗorewa, kuma ɗorewa iri biyu nake nufi. Ta farko, in ka jera akwatuna goma ɗaya kan ɗaya za su zauna lafiya ko za su riƙa karkarwa kamar masu zazzaɓi har su rushe ba wanda ya taɓa su. Ta biyu, shin akwai masu kula da injin ɗin har yanzu ko an bar shi ya tsufa.

Sauƙin aiki. Yana ciki tun asali ko sai ka zauna da yaren rubuta kod na C++ ka haɗa shi da hannu, kuma in ka maƙale ƙarfe biyun dare akwai wanda ya taɓa yin irin tambayarka a intanet.

Nauyi a kan na'ura, taka da kake aiki a kai da ta wanda zai buga. Wannan a wajenmu ba ƙaramin abu ba ne, mafi yawanmu laftof na hannu muke lallaɓawa da shi, masu bugawar kuma wayar Android ce mai RAM giga 3 ko 4.

Sai haɗari, kuma a nan zan ɗan daɗe domin shi ne abin da sababbi ba sa gani sai sun yi nisa. Duk waɗannan injinan ba sa bin motsi a miƙe kamar ruwa, tsalle-tsalle suke yi, su lissafa inda abu yake, su tsallaka gaba kaɗan, su sake lissafawa. Unity a setin ɗinsa na asali sau 50 yake yin haka a daƙiƙa ɗaya, Godot sau 60. Yanzu ɗauki ƙwallo da aka buga tana gudun mita 30 a daƙiƙa, a tsalle ɗaya na Unity ta ci santimita 60, in kaurin turken raga santimita 10 ne to a lissafi na farko tana gabansa a na biyu tana bayansa, injin bai taɓa ganin sun haɗu ba, ƙwallo ta ratsa ƙarfe ta wuce kamar aljana. Dukkansu suna da maganin wannan, wani seti da ake kira CCD wanda ke bin layin da abin ya bi, amma yana cin ƙarfi kuma sai ka kunna shi da kanka. Haɗari na biyu shi ne maimaituwa, wato in ka ba injin abu iri ɗaya sau biyu zai ba ka sakamako iri ɗaya sak ko kuwa, a kwamfutarka da ta abokinka. In gem ɗin na mutum ɗaya ne ba ruwanka da wannan, amma ranar da ka ce za a buga onlayin to shi zai hana ka barci. Na uku, nauyi mai yawa a kan mara nauyi, buhu mai kilo 100 a kan kwali mai kilo 1, ko ƙaton ƙarfe a rataye da siririyar sarƙa, kusan duk injinan gem suna shan wahala a nan, shi ya sa ake ba da shawarar kada bambancin nauyin abubuwa biyu da aka ɗaure da juna ya wuce ninki goma.

Ka lura ban sa "kama da gaske" a cikin ma'aunan ba. Da gangan ne. Duka biyar ɗin lissafin Newton ɗaya suke yi, kuma duka suna yanke hanya domin su gama aikinsu cikin ɗan abin da ya rage na milisakan 16 da firem ɗaya, wato hoto ɗaya a allo, ke da shi. Abin da ke sa a-daidaita-sahu ta kife yadda ido zai yarda shi ne inda ka ajiye tsakiyar nauyinta, da santsin taya, da taurin sifirin, kuma wannan aikinka ne ba na injin ba.

PhysX

Shi ne wanda mafi yawan mutane ke amfani da shi ba tare da sun sani ba, saboda duk wanda ya manna Rigidbody, wato abin da ke sa abu ya bi dokar fiziks, a kan abu a Unity to PhysX ne ke aiki a ƙasa. Asalinsa NovodeX ne daga Zurich ta Suwizalan, kamfanin Ageia ya saye shi a 2004 har ya fito da kati na musamman da ake sokawa a kwamfuta don fiziks kaɗai, kasuwar katin ba ta yi ba, Nvidia ta saye Ageia a 2008 ta mayar da aikin kan katin hotonta. A ƙarshen 2018 aka buɗe kod ɗinsa da lasisin BSD, wato kyauta ne ko gem na sayarwa za ka yi.

Wajen kuɗi ke nan ba matsala, abin da ya rage lasisin Unity ne, shi ma kyauta ne har sai kuɗin shigarka ya wuce dala 200,000 a shekara, in ka kai nan ai sai mu taya ka murna. Wajen sauƙi kuwa ba wanda ya kamo shi, duk kuskuren da za ka yi wani ya riga ka yi tun shekara goma da ta wuce kuma amsar tana nan. Akwai WheelCollider, wato tayar mota a shirye, duk da cewa sai ka san halinsa, ba taya ce ta gaske ba, layi ne yake harbawa ƙasa ya auna nisa, don haka hawa kan dakali ko faɗawa rami mai kaifin baki ba ya fita da kyau sai ka yi dabara. A waya yana tafiya lafiya in ba ka cika fili da ɗaruruwan abubuwa masu motsi a lokaci ɗaya ba.

Wani ruɗani da ya kamata a kawar, wai sai kana da katin Nvidia. A'a. PhysX ɗin da ke cikin Unity a kan CPU yake gudu. Wancan na kati shi ne na ƙyale-ƙyale, hayaƙi da tsumma da tarkace a su Mirror's Edge, Borderlands 2 da Batman: Arkham City, kuma shi ne aka yi ta hayaniya a kansa a farkon 2025 da katunan Nvidia na RTX 50 suka fito ba tare da goyon bayan tsofaffin gem masu bit 32 ba. Darasin da ni na ɗauka a nan, kada ka gina wani muhimmin abu na gem ɗinka a kan fasahar da kamfanin kati ɗaya kaɗai ke riƙe da makullinta.

Raunin PhysX biyu ne a ganina. Ba ya yi maka alkawarin sakamako iri ɗaya tsakanin na'urori daban-daban. Sannan hankalin Nvidia yanzu ya fi karkata wajen robot da kwaikwayon masana'antu, PhysX 5 can ya fi fuskanta, na cikin Unity kuwa zuriyar 4 ne. Yana aiki sarai, amma kada ka zauna jiran sababbin abubuwa.

Havok

Wannan shi ne dattijon, daga Dublin ta ƙasar Ailan, mutanen Trinity College ne suka kafa kamfanin a 1998, Intel ta saye shi a 2007, Microsoft ta karɓa a 2015. In ka taɓa buga Max Payne 2 ka ga yadda mutum ke zubewa a kan kujeru, ko Half-Life 2 da bindigar nan mai jawo kaya ta harba, ko Halo, Dark Souls, Skyrim, da Zelda guda biyun nan na Switch, to ka ga aikinsa ko na danginsa. Tears of the Kingdom na 2023 shi ne ni ya fi ba ni mamaki, mutum ya manna katako da taya da fanka ya yi mota ko gada kuma abin ya riƙe bai tarwatse ba, a kan na'urar da ƙarfinta bai kai na wayoyin yanzu masu tsada ba. Wajen zama daram na abubuwan da aka jera ko aka ɗaure da juna, Havok na gaba-gaba, kuma suna tallar cewa sakamakonsa iri ɗaya ne a kowace na'ura.

Amma fa kada sunan ya ruɗe ka. Skyrim ma Havok ne, kuma kowa ya san yadda ƙaton nan ke dukan mutum ya tashi sama har ya ɓace, ko yadda in ka saki firem ya wuce 60 a tsohon Skyrim kwanuka ke tashi da kansu a ɗaki, keken dokin farkon gem ɗin ya riƙa tsalle. Injin ɗaya da na Zelda, hannun da ya ɗaura shi ne daban.

Sai maganar kuɗi, inda zance ke ƙarewa ga irinmu. Shekara da shekaru farashin a ɓoye yake sai ka tuntuɓe su, a farkon 2025 suka fito da shi fili, dala 50,000 kan kowane gem ɗaya ga waɗanda kasafinsu bai wuce dala miliyan 20 ba. Ga situdiyo mai ma'aikata hamsin wannan araha ce, don albashin injiniya ɗaya na shekara a Turai ya fi haka, kuma suna samun wanda za su kira in abu ya lalace. Ga ni da kai, lissafa da canjin yau ka gani. Ƙofa ɗaya dai a buɗe take kyauta, tun 2023 an sa Havok a Babylon.js, injin haɗa gem ɗin da ake bugawa a burauza, in JavaScript kake yi to wannan garaɓasa ce ta gaske.

Jolt

Sabon jini, kuma ba zan ɓoye ba shi na fi so. Jorrit Rouwe ne ya rubuta shi, injiniya a Guerrilla Games ta Amsterdam, ya fara a matsayin aikin gefe, daga baya kamfanin ya ajiye injin da yake biya ya ɗora Horizon Forbidden West na 2022 a kansa, Death Stranding 2 ma shi ya ɗauka. Lasisin MIT ne, ba kobo, ba kaso, kod ɗin gaba ɗaya a buɗe.

Dalilin da ya sa aka gina shi shi ne abin da ya bambanta shi. A babban gem mai faɗin duniya ana loda gari da duwatsu a bayan fage yayin da kake gudu, tsofaffin injina kuwa sukan kulle komai su ce a jira su gama, Jolt an tsara shi ne yadda zaren CPU da yawa, wato ayyukan da ke gudana a lokaci ɗaya, za su riƙa tambayarsa da zuba masa sababbin abubuwa ba tare da sun tare wa juna hanya ba. Yana ba da sakamako iri ɗaya in ka maimaita, har akwai seti na musamman da zai sa hakan ya riƙe tsakanin na'urori daban da ɗan ragin gudu. Yana da ragdol, wato jikin mutum mai zubewa kamar 'yar tsana, yana da abubuwa masu laushi, yana da tsarin mota da babur da tanka.

Hanya mafi sauƙi ta taɓa shi ita ce Godot, tun sigar 4.4 ta watan Maris 2025 yana cikin injin, a setin ɗin furojet kawai za ka zaɓe shi. Kuma Godot kansa daunlodin ɗinsa bai kai megabait 200 ba, yana buɗewa a tsohon laftof ba tare da fanka ta fara kuka ba, wanda duk mai sayen data da kuɗinsa kuma yake tseren caji kafin a ɗauke wuta ya san darajar wannan. Wanda ya yi aiki da fiziks ɗin Godot 4 na asali ya dawo Jolt zai ga bambanci a abubuwan da aka jera da kuma yadda ɗan wasa ke tafiya a kan ƙasa mai gargada.

Inda gizo ke saƙar, Godot ba ya buɗe maka duk abin da Jolt ke iyawa. Tsarin babur da tankar nan sai in kai tsaye kake kiransa da C++, a cikin Godot VehicleBody3D ɗin Godot ne za ka samu, mai sauƙi ne ƙwarai kuma don gem na tsere na gaske bai isa ba, yawanci mutane nasu suke rubutawa. Tutoriyal ma bai kai rabin na Unity ba. Sannan aikin ya dogara sosai da mutum ɗaya, duk da cewa tunda kod ɗin a buɗe yake kuma manyan situdiyo sun riga sun hau, ko ya ajiye gobe ba zai mutu a take ba.

Chaos

Na Epic ne, kamfanin da ke da Unreal, sun nuna shi a 2019, da Unreal Engine 5 ya fito a 2022 ya maye gurbin PhysX gaba ɗaya, Fortnite ma a kansa yake. Ba a ciro shi a kai wani gida, in kana son Chaos to Unreal ka shiga. Kuɗi, kyauta har gem ɗin ya tara dala miliyan 1, daga nan kashi 5 cikin ɗari.

Abin da ya fi kowa a kai shi ne rushe-rushe. Ka ɗauki gini ka yayyanka shi a cikin edita, ka faɗa masa wane sashe ke riƙe da wane, roka ta daki ginshiƙi ka ga bene na zubowa kashi-kashi, har za ka iya naɗe rushewar ka ajiye ta riƙa maimaituwa ba sai an sake lissafi ba. Tufafi, gashi, mota, duk kayan aikinsu na nan a wuri ɗaya, kuma da Blueprint, tsarin Unreal na jona akwatuna a madadin rubutu, za ka yi nisa ba ka rubuta layin kod ko ɗaya ba. A wajen abin da ido zai gani ya ce kai, shi ne sarki a jerin nan.

Sai dai nauyi. Epic da kansu RAM giga 32 da katin hoto mai giga 8 suke ba da shawara don aiki da Unreal 5, daunlodin ɗin gomman gigabait ne, kuma lokacin da aka koma daga 4 zuwa 5 masu gem da yawa sun koka cewa Chaos bai kai PhysX ɗin da suka saba da shi gudu ba, an yi ta gyara tun daga lokacin amma har yanzu ba shi ne mara nauyi ba. Mutum da laftof mai giga 8 ya ce zai yi gem na waya da Chaos, wannan ɗaukar Dala ba gammo ne. Ƙanen nawa ma can ya fara nufa saboda bidiyoyin da ya gani, na ce masa ya fara duba RAM ɗinsa, da ya duba bai sake tayar da maganar ba.

Bullet

Erwin Coumans ne ya yi shi, lasisin zlib, kyauta. Da tsohuwar zuma ake magani, shi ne a cikin Blender, manhajar zanen 3D, wajen faɗuwar abubuwa, shi ne fiziks ɗin Godot 3, kuma Rocket League, gem ɗin buga ƙwallo da motoci, a kansa yake, wanda labarinsa ya dace da abin da nake ta faɗa tun sama. Gem ɗin a Unreal 3 aka yi shi, amma suka ajiye fiziks ɗin da ya zo da shi suka ɗauko Bullet saboda suna son kod a hannunsu, suka gyara shi yadda suke so, suka sa shi yana lissafi sau 120 a daƙiƙa domin bugun ƙwallo ya zama iri ɗaya a wajen kowa a onlayin. Motocin Rocket League ba su yi kama da motar gaske ko kaɗan ba, amma kowa na yabon fiziks ɗinsa, saboda abin da ka yi jiya in ka maimaita yau haka zai fita.

To amma yau in sabon gem za ka fara ban ga dalilin ɗaukarsa ba. Godot ya ajiye shi a siga ta 4, ci gabansa ta ɓangaren gem ya yi sanyi, masu amfani da shi yanzu sun fi yawa a binciken robot ta PyBullet, wato Bullet da ake kira da yaren Python, bayanansa a warwatse suke, kuma kusan duk abin da zai ba ka Jolt zai ba ka da gudu mafi kyau. Don koyon yadda injin fiziks yake a ciki kuwa, karanta kod ɗinsa makaranta ce.

Biyu da ba sa cikin gasar amma dole a ambata

In gem ɗinka 2D ne duk surutun nan na sama bai shafe ka ba, Box2D na Erin Catto kawai, shi ne a bayan Angry Birds, shi ne fiziks ɗin 2D na Unity, kyauta, kuma a 2024 aka sake rubuta shi daga tushe a siga ta 3.

Sai BeamNG.drive, wanda na san shi ne ainihin abin da ke cikin ran duk mai cewa "kama da gaske". Motar da ke lanƙwashewa ta murɗe kamar gwangwani. Su ba dunƙulen abu ɗaya suke ɗaukar mota ba, ɗaruruwan ɗigo ne da aka haɗa da sanduna masu miƙewa da karyewa, kuma sau 2,000 suke lissafawa a daƙiƙa, ninki 40 na setin Unity ke nan, shi ya sa motoci kaɗan ke durƙusar da kwamfuta mai ƙarfi. Injin nasu ne na gida, kamfani ne a Bremen ta Jamus, ba abin da za ka saukar ka manna a gem ɗinka ba ne, kuma babu ko ɗaya cikin biyar ɗin can da zai ba ka haka daga buɗewa.

| Inji | Kuɗi | Inda ake samunsa | Sauƙi | Nauyi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| PhysX | kyauta | Unity, ko C++ | mafi sauƙi | matsakaici | sakamako na iya bambanta tsakanin na'urori |
| Havok | dala 50,000 kan gem, kyauta a Babylon.js | lasisi, C++ | sai ƙwararru | mara nauyi | tsada |
| Jolt | kyauta | Godot 4.4 zuwa sama, ko C++ | da sauƙi a Godot | mara nauyi | ƙarancin tutoriyal |
| Chaos | kashi 5 bayan dala miliyan 1 | Unreal kaɗai | kayan aiki masu kyau | mai nauyi | na'ura |
| Bullet | kyauta | C++, Python, Blender | da wuya | matsakaici | ya tsufa |

Wa ya dace da wane

In yau ka fara, ko kuma gem na wayar Android kake so ka fitar cikin wata shida, ɗauki Unity da PhysX ɗinsa ka daina bincike. Ba don ya fi sauran ba, don duk inda ka maƙale akwai wanda zai fitar da kai.

In laftof ɗinka mai rauni ne, ko ba ka son wani kamfani ya wayi gari ya canza maka sharuɗɗa kamar yadda aka yi da kuɗin nan na kowane daunlodin da Unity ta sanar a 2023 ta janye a 2024, to Godot da Jolt. Nan na tura ƙanen nawa. A-daidaita-sahun tasa RigidBody3D ce guda ɗaya da layuka uku da ke harbawa ƙasa a madadin tayoyi, a makon farko ko kifewa ba ta yi sai zamewa kamar sabulu, ya zo yana cewa injin ne ba kyau, muka duba ashe tsakiyar nauyin ya bari a ƙasa daf da titi, da ya ɗaga ta sama zuwa inda buhunan suke ya ƙara wa tayoyin riƙo a gefe sai ga ta tana ɗaga ƙafa ɗaya a kwana.

In gem na onlayin ne inda fiziks shi ne wasan kansa, ƙwallo, sunuka, tseren mota, kuma ka iya C++, to Jolt kai tsaye da setin maimaituwar nan a kunne, ka kuma ɗaga yawan lissafin zuwa 120 kamar yadda Rocket League suka yi.

In rushe gini ne zuciyar gem ɗin, kana da kwamfuta ta tebur mai kati na kirki da wutar da za ta riƙe ta, kuma masu PC da konsol kake nufi, Chaos.

A burauza, Babylon.js da Havok na kyauta. Havok na kuɗi kuwa sai ranar da kake da ma'aikata da mai zuba jari da ranar fitarwa da ba za a ɗaga ba.

Bullet, in ka gaji tsohon furojet da ke kansa ka bar shi a kai kada ka taɓa, ko kuma in aikin makaranta ne na robot da Python.

Wanda kuma har yanzu mota mai lanƙwashewa irin ta BeamNG yake so, akwai hanyar talaka da gem da yawa ke bi, motar ta zauna dunƙule ɗaya a wajen injin fiziks, in ta yi karo ka karɓi wurin da aka buga da ƙarfin bugun daga injin, ka tura fatar motar ciki a daidai wurin, ka saki bamba da ƙofa su faɗi a matsayin abubuwa daban. Wannan PhysX ko Jolt duk za su ɗauka, har a waya.